Ɗan wasa ba ɗan kallo ba ne

Ɗan'uwa, tambayarka ta zo da cikakken bayani, kuma hakan ya rage mini aiki. Ka ce ku biyar ne kuke da wani gem na waya da jama'a ke bugawa tare ta intanet. Kun shirya taron kai-tsaye har sau biyu: wani ƙaton dodo ya faso ta tsakiyar taswira, ya rusa gari, aka raba kyauta, aka watse. Karon farko an cika maƙil, karo na biyu ko rabi ba a samu ba. Kana so ka sani ko kyautar ce ta yi kaɗan ko hoton ne bai ƙayatar ba, don ku san inda za ku zuba ɗan kuɗin da ya rage muku.

Kada ku taɓa ko ɗaya tukuna. Ka koma ka kalli bidiyon taron naku, ka ɗauke ido daga kan dodon, ka tambayi kanka abin da yatsun ɗan wasa suke yi a cikin mintunan nan.

Ni a zaure na koyi wannan. Shekarun baya mun shafe kusan wata biyu muna haɗa wani taro irin naku. Daren da za a yi shi sai na bar abokan aiki na tafi gida, na zauna kusa da ɗan yayata, yaro mai shekara 14 wanda in ya kama gem ko kiran abinci ba ya ji. Agogo ya kai sifili, sama ta tsage, kiɗa ya tashi. Ya ce "kai!" sau ɗaya. Ba a yi minti biyu ba ya jingina wayar da kofin shayi, ya jawo ledar gyaɗa yana ɓarewa yana kallo. Abin ya burge shi, na ga hakan a fuskarsa. Amma ba mu bar wa hannunsa komai ba, sai ya nema masa wani aikin. Da aka gama ya danna ya karɓi kyauta ya fita. Washegari na ji su da abokansa a ƙofar gida, babu wanda ya ambaci taronmu. Labarin wani yaro ake ta yi da ya tsere wa mutum uku da sauran harsashi ɗaya a bindigarsa. Abin da ya ci mana wata biyu bai kai wannan harsashin daraja a bakinsu ba, saboda suna cikin labarin harsashin, namu kuwa kallo kawai suka yi.

Misalin da nake ba duk wanda ya shigo wannan sana'ar tsoho ne, daga World of Warcraft, a watan Janairun 2006. Kamfanin Blizzard ya zo da wani sabon yanki mai suna Ahn'Qiraj, ya kuma garƙame ƙofarsa. Ba ranar buɗewa aka sanar ba, sharaɗi aka gindaya. Kowace uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da duniyar wasan ta wasu dubban mutane, sai mutanenta sun tara kayan yaƙi da hannunsu: tagulla, fatu, ganyen magani, gasasshen kifi, bandeji. Cikin ɓangarori biyu na 'yan wasan, ɗaya kaɗai an nemi ya kawo bandejin lilin 800,000. Ka duba hikimar da ke ciki. Lilin da tagulla kayan ƙananan 'yan wasa ne, waɗanda ba za su taɓa leƙa cikin Ahn'Qiraj ɗin ba sai bayan watanni. Yaron da ya fara wasa makon jiya yana iya zuwa ya miƙa bandeji 20, ya ga lissafin gari ya motsa. A can sama kuma manyan ƙungiyoyi suna ta wahalar haɗa wata sanda da za a bugi ƙararrawar buɗe ƙofa da ita, aikin da mutum ɗaya yake amsa sunansa amma gomman mutane ne suke yi masa. Ɓangarori biyun da ke gaba da juna a wasan dole kowa ya cika nasa kason, in ba haka ba ƙofa ba ta buɗuwa ga kowa. Uwar garken da ake kira Medivh ce ta fara buɗewa, ranar 23 ga Janairu, wasu kuwa sai da suka ƙara makonni. Da aka buga ƙararrawa yaƙi ya ɓarke na awa 10.

Ranar kanta ba ta yi kyau ba. Jama'a sun yi dafifi a yanki ɗaya, kwamfutoci suka riƙa faɗuwa ana tayar da su, wasu ko motsi ba su iya yi ba. Duk da haka shekara 20 ke nan ana ba da labarin, kuma in ka saurara za ka ji mai labarin yana cewa "mun buɗe ƙofa", ba ya cewa "an buɗe mana". Wannan "mun" ɗin ita kake nema. Dodonku ya zo ya tafi ba tare da ya bar wa kowa damar furta ta ba.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma na ga ƙananan kamfanoni da yawa sun faɗa. Za su sa ma'aunin jama'a a fuskar wasa, su ce ku tara kaza, alhali sun riga sun saita shi zai cika ranar Juma'a ko an tara ko ba a tara ba. 'Yan wasa ba yara ba ne a wajen lissafi. A cikin kowace dubu akwai mutum biyu ko uku da za su zauna da takarda suna rubuta adadin kowace awa, kuma ranar da suka gano ma'aunin yana tafiya da ƙarfe 3 na dare daidai da yadda yake tafiya da yamma, magana ta fita, ba kuma za ta dawo ba. Taro na gaba ba wanda zai ɗaga ko tsinke. Idan kuna tsoron kada a kasa cikawa, ku yanke adadin bisa yawan waɗanda suka buga wasan a makon da ya gabata, kada ku ɗauko lamba daga fatan zuciya. Idan kuma an kasa, to a kasa ɗin, a ga sakamakonsa.

Nan ne Helldivers 2 ya koya wa kowa darasi a 2024. Kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin ya gina wasan a kan yaƙi guda ɗaya da duk 'yan wasan duniya ke cikinsa, ana ƙwace duniyoyi ana rasa su. Suka ɗauki ma'aikaci, sunansa Joel, aikinsa ya zauna yana kallon fagen yana mayar da martani kamar mai jan ragamar tatsuniya. Shugaban kamfanin na lokacin, Johan Pilestedt, ya faɗa cewa akwai daren da sai da Joel ya tashi daga barci ya ƙara wa abokan gaba dakaru, don 'yan wasa sun yi sauri fiye da yadda aka zata. Ka lura, shi ma gyara ma'auni ne, amma a fili aka yi shi, da dalilin da ya shiga labari: maƙiya sun samu agaji. A ƙarshen Fabrairu 'yan wasa suka rasa wata duniya mai duhun daji da ake kira Malevelon Creek. Rashin ya yi musu ciwo, suka mayar da sunan take, wasu suka ƙi barin wajen ko da umarni ya ce a koma wani fagen. Da aka ƙwato ta a farkon Afrilu, kamfanin ya raba wa kowa alkyabbar tunawa da waɗanda suka faɗi a can. Ba wanda ya rubuta wannan labarin tun farko. Faɗuwar ce ta haife shi.

A watan Yuni suka ƙara gaba. Aka ba jama'a zaɓi tsakanin duniyoyi biyu: a ɗaya akwai sabon makami, nakiyoyin fasa tankar yaƙi, a ɗayar akwai asibiti da yara marasa lafiya 4,311 suka maƙale a ciki, kuma ba a yi alkawarin ladan komai a kan ceton su ba. Jama'a suka tafi ceton yaran. Daga baya aka ba ƙungiyar Save the Children dala 4,311 da sunan 'yan wasan. Ina son wannan misalin sosai, domin bai ci kuɗin zane ba. Rubutu ne na 'yan layuka da alamomi biyu a taswira. Ku biyar ɗin nan kuna iya yin irinsa a mako guda. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne ba a iya samun biyun, kuma kowa ya san abin da aka bari an bar shi.

Za ka ce ai Fortnite kallo ne kawai kuma miliyoyi suke zuwa. Da gaskiyarka a wani ɓangaren. Mutum miliyan 12.3 ne suka kasance a ciki lokaci guda a wasan mawaƙi Travis Scott a Afrilun 2020. Amma kai ba ka da mawaƙin, ba ka da ɗaruruwan ma'aikatan Epic Games, kamfanin da ya yi Fortnite, don haka kada ka yi gasa da su a inda ƙarfinsu yake. Ka dubi dai inda su kansu suka dosa. A Mayun 2019 sun tara 'yan wasa a wani ɗaki, aka jera tsofaffin makamai, kowa ya je ya riƙa saran wanda yake so a dawo da shi, bindigar da ake kira Drum Gun ta ci. A Disambar 2020, a yaƙi da wani ƙaton mugu mai suna Galactus, wanda ya tara miliyan 15.3, sun sa kowa ya tuƙa mota mai tashi yana harbi. Su da suke da kuɗin burge ido ma sun gane dole a ba hannu abin yi.

Abu na biyu da suka iya, wanda ya fi dacewa da aljihunka, shi ne barin tabo. A wannan taron na Mayun 2019 dutse mai aman wuta ya rusa Tilted Towers, unguwar da ta fi kowace cika a taswirar, washegari kuma kowa ya sauka ya tarar da kango. A EVE Online, bayan yaƙin B-R5RB na Janairun 2014, wanda ya ɗauki kusan awa 21 aka kuma lalata manyan jiragen da ake kira Titan guda 75, kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ya bar gawawwakin jiragen a wurin su zama abin tarihi. Har yau sabon ɗan wasa yana iya zuwa ya gani. Yaƙin ma ba kamfani ne ya shirya shi ba, wata ƙungiya ce kuɗin riƙe yankinta bai shiga a kan lokaci ba, abokan hamayya suka ga ƙofa. Kai a bayaninka ka ce bayan taro garin ya koma yadda yake. To ka gaya wa 'yan wasanka ke nan cewa babu abin da ya faru. Ko rabin katanga ce ku bar ta a rushe, ku sa mai shagon da ke wurin ya koma rumfa a bakin hanya yana ƙorafi.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Taro yana farawa ne ranar da mutum na farko ya ce wa abokinsa "ka ga abin nan kuwa?" A Agustan 2018 wani ƙaton akwati mai launin shunayya ya bayyana a taswirar Fortnite, yana mirginawa kaɗan-kaɗan tsawon makonni, ba sanarwa, ba bayani. 'Yan wasa suka raɗa masa suna Kevin, suna bin sawunsa suna zana inda zai nufa, har ya narke a cikin tafki. A Oktoban 2019 kuma baƙin rami ya haɗiye taswirar gaba ɗaya, wasan ya tsaya fiye da kwana ɗaya, mutane suna zaune suna kallon ɗigo a baƙin allo. Kada ka kwaikwayi rufe wasa, ƙaramin gem in ya rufe ana ɗauka ya mutu ne. Ka ɗauki akwatin: abu ɗaya da ke canzawa kullum, wanda ba a yi bayaninsa ba.

Jan rai kafin rana daban, jan rai a ranar daban. Destiny 2 ya yi taronsa na farko irin wannan ranar 6 ga Yunin 2020, jama'a suka taru a dandali don ganin an harbo wani ƙaton jirgi. Sai da aka kwashe kusan awa ɗaya da rabi ana kallon sama kafin ya faɗo, mafi yawan lokacin abin da ake gani bai wuce 'yan ɗigon haske ba. Faɗowar ta yi kyau, amma da yawa sun riga sun gaji. Mai waya ma ya fi wannan gajen haƙuri, batirinsa na sauka, wayar na zafi a tafinsa. In kun ce ƙarfe 8, to wani abu ya faru ƙarfe 8. A ganina minti 12 zuwa 15 sun isa, kuma kada minti ɗaya ya wuce ba a nemi ɗan wasa ya gudu, ya ɗauka, ya kare ko ya zaɓa ba.

Yanzu ga abin da ba ya shiga talla amma shi ke kashe taro: ƙofa. A Yunin 2020 Epic ya tsayar da shiga taron Fortnite mai suna The Device a mutum miliyan 12, ɗimbin jama'a suka tsaya a waje tun kafin lokaci ya yi, sai a YouTube da Twitch suka kalla. A Yulin 2017 kusan mutum 20,000 suka je filin Grant Park na Chicago don bikin Pokémon GO, sabis ya ɗauke, wasan ya ƙi buɗuwa, kamfanin Niantic ya mayar da kuɗin tikiti, daga baya ya biya sama da dala miliyan 1.5 a sasanta ƙara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku gwada uwar garkenku da 'yan wasan bogi, ninki uku na abin da kuke tsammani. Ku raba jama'a ƙananan rukunai na mutum 30 ko 50, kowane rukuni da nasa fagen, a riƙa tara ƙoƙarinsu a lissafi ɗaya. EVE yana da wata dabarar: in cunkoso ya yi yawa sai a rage gudun lokacin wasan har zuwa kashi ɗaya cikin goma, don kowane umarni ya isa. Wasa mai nauyin tafiya ya fi wasan da ya faɗi.

Lokaci ma ƙofa ne. The Device an yi shi ƙarfe 2 na rana agogon New York, ƙarfe 7 na yamma ke nan a Kano, mutane suna sahun magariba. Wanda ya tsara bai yi da mugunta ba, agogon inda yake zaune ya duba. Tun da ka ce yawancin 'yan wasanku a nan gida suke, kai ba ka da uzuri. Ka san lokutan salla, ka san daren da ake manyan wasannin ƙwallo, ka san yadda dare yake komawa rana a watan azumi. Wasan Travis Scott sau biyar aka nuna shi cikin kwana uku saboda bambancin agogo, shi ya sa jimillar waɗanda suka halarta ta kai miliyan 27.7. Ku yi naku zama uku. Don kada ya zama maimaici, ku mayar da kowane zama farmaki ɗaya cikin uku, sakamakon na farko ya shafi na biyu, hukunci ya fito a na ƙarshe. Sannan ku tura kayan sabuntawar kwana uku kafin ranar, ku rubuta girmansu ƙarara. Mutumin da ya sayi data daidai ta wasa, ya buɗe gem saura minti biyar ya tarar da megabait 400 na jiransa, ya tafi ke nan. Wanda wuta ko sabis ya yanke masa a tsakiya kuma, a bar masa hanyar komawa rukuninsa, kada ladansa ya zube.

Ka kuma yi tanadin mai ɓarna. Ranar da aka harba roka a Fortnite, 30 ga Yunin 2018, wasu sun gina doguwar matakala suka hau suna kallo, wani ya karya ta daga ƙasa, mutum 48 suka mutu lokaci guda. Shi ya sa daga baya ake kashe makamai a irin waɗannan tarukan. A naku, harsashin ɗan wasa kada ya taɓa ɗan'uwansa har a gama.

Kyauta, da ka fara tambaya a kanta, ita na bari ƙarshe don ita ce mafi sauƙi. Ta zama shaida ce cewa mutum ya halarta: hula, tuta, tambari a gefen suna, abin da ba a sayarwa a shago ko bayan shekara. Kada ta zama makamin da zai sa wanda ya zo ya fi wanda bai zo ba ƙarfi, domin wanda jarrabawa ko jinya ta hana shi zuwa zai ji an hukunta shi, kuma mutum ba ya daɗewa a wasan da ke yi masa barazana. Zan faɗi wannan da nauyi, don na ga yadda yake cin yara: kada ku liƙa akwatin sa'a na kuɗi, wanda ake saya ba a san abin da ke ciki ba, a jikin taro da agogo yana ƙirgawa a kansa. Zai kawo kuɗi a makon, amma caca ce aka sa wa riga, kuma da yawan masu danna ta ba su kai shekara 18 ba.

Da ni ne a kujerarka, ga yadda zan yi da dodon nan da kuka riga kuka zana. Mako uku kafin rana rijiyar tsakiyar gari ta ƙafe, ƙasa ta fara tsagewa, tsagar tana ƙara tsawo kowace safiya, ba sanarwa. Mako na biyu mai unguwa ya yi shela cewa garin ƙofa biyu gare shi, ta kasuwa da ta maƙera, kayan gini kuma ba za su ishi duka ba. Kowa ya kai dutse da itace inda ransa ya so, lissafi a fili, na gaskiya. Ranar yaƙi masu ƙarfi su tare dodon, sababbi su yi jigilar kibau da ruwan kashe gobara, kuma in jigila ta tsaya masu ƙarfin su ji a jikinsu. Ƙofar da aka bari ta faɗi, unguwarta ta zama kango har tsawon zango guda, farashin abin da ake sayarwa a can ya tashi. Sunayen waɗanda suka tsaya a rubuta su a jikin katangar da ta tsira.

Bayan an gama kada ka tsaya kan adadin waɗanda suka taru, wannan lambar ta talla ce. Ka duba mutum nawa suka yi yunƙurin shiga suka kasa, a wane minti aka fi fita, kashi nawa suka taɓa wani abu da hannunsu, nawa kuma suka dawo bayan kwana 7. Daren taron kuma ka bar sauran huɗun su tsare kwamfutoci. Kai ka nemi wani yaro a unguwarku da ke buga gem ɗin, ka zauna gefensa da agogo, kada ka gaya masa kai ka yi shi. In ya ajiye wayar, ka rubuta mintin, ka turo mini, mu duba abin da ke faruwa a allo a daidai lokacin.